Jirgin Kwana-Kwana na Birnin Bafalo

A Amurka ta Arewa, wajen iyakar ƙasar Amurka da Kanada, akwai waɗansu manyan tabkuna guda biyar, ruwansu yana gangarowa daga wannan zuwa wancan har ya faɗa cikin teku. Ɗaya daga cikinsu sunansa Tabkin Eri. Tsawonsa mil 241, faɗinsa kuwa mil 57 a inda ya fi faɗi, wanda ya tsaya a wannan gaɓa ba ya ko hangen waccan. Ruwan daɗi ne, irin na sha, amma manyan jirage suna tafiya a kansa kamar a teku, in hadari ya taso kuwa har nutsar da su ya kan yi. A can ƙarshensa na gabas, daidai inda Kogin Niyagara ya fita daga cikinsa, nan birnin Bafalo ya ke, cikin jihar Niyok. Wani ƙaramin kogi mai yawan lanƙwasa, shi ma Bafalo a ke ce masa, ya ratso kudancin garin ya zuba cikin tabkin. Bakin wannan kogi shi ne tashar jiragen ruwa, kuma a kansa ne galibin abin da za a faɗa a nan ya auku.

Garin ya san wuta tun yana ƙauye. Ran 30 ga Disamba 1813, lokacin da Ingila da Amurka ke yaƙi, sojan Ingila suka ƙetaro daga Kanada suka ƙone shi ƙurmus, sai 'yan gine-gine ƙalilan suka tsira. Mutane suka komo suka sake gini. Abin da ya ɗaukaka garin kuwa wata hanyar ruwa ce da aka haƙa, aka buɗe ta cikin 1825. Tsawonta mil 363, ta tashi daga Bafalo ta yi gabas har Albany a bakin Kogin Hudson, daga nan jirgi ya gangara birnin Niyok, bakin teku. To, jiragen tabki manya ne, ba su iya shiga wannan hanya. Jiragen hanyar kuwa ƙanana ne, dawaki da alfadarai ke jansu daga gaɓa, ba su iya jure raƙuman ruwan tabki. Saboda haka duk alkama da masarar da manoman yamma suka aiko, tilas a sauke ta a Bafalo a juye ta daga wannan jirgi zuwa wancan.

Da fari 'yan dako ke wannan aiki, a kan yi kwanaki kafin a gama sauke jirgi guda. Sai cikin 1842 wani attajiri, Joseph Dart, da wani injiniya, Robert Dunbar, suka gina rumbu na farko mai inji. Ga yadda ya ke aiki. Akwai wani dogon bel da aka jera wa ƙananan gugaye, injin tururi yana juya shi. A zura gindinsa cikin jirgi, gugayen su riƙa ɗibar hatsi suna hawa da shi har ƙololuwar gini, su juye, hatsin ya gangara da kansa cikin ɗakunan ajiya. Aikin kwanaki ya koma na yini ɗaya. Attajirai suka ga riba, rumbuna suka yi ta tsirowa a gaɓar kogin dama da hagu, har Bafalo ta zama tashar hatsi wadda babu kamarta a duniya a zamanin nan. Cikin 1900 mutanenta sun haura 352,000, ita ce ta takwas a girma cikin biranen Amurka.

Amma fa arzikin nan ya zo da nasa bala'i. Rumbunan farko duk na katako ne, dogaye ƙwarai, ga su kusa da juna. Abin da ya fi katakon haɗari kuwa ƙurar hatsi ce. Mai karatu ya san hatsi a tsibe ba shi saurin kama wuta. Amma in ƙurarsa mai laushi ta tashi ta cika ɗaki rufaffe, kowane ɗan ƙwaro na ƙurar iska ta kewaye shi, to, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama gaba ɗaya ta fashe kamar albarushi. Fashewar farko ta girgiza ginin, ƙurar da ta daɗe kwance a kan azara da bango ta tashi, ita ma ta kama, ta biyun nan ita ta fi ɓarna. Haka ta faru a ma'aikatar niƙa ta Husted ran 24 ga Yuni 1913, mutum 33 suka hallaka. Ban da hatsi kuma ga tarin katako, ga kwal, ga mai, duk a jibge a gaɓar ɗan kogin nan.

Cikin 1880 hukumar gari ta kafa 'yan kwana-kwana masu albashi, a maimakon masu aikin sa kai da a ke da su da. Kayan aikinsu famfo ne mai tururi a kan keke, dawaki ke ja. A cikin gari wannan ya wadatar, amma a bakin ruwa aikin ya kan gagare su. Rumbu fuskarsa ɗaya tana kallon kogi, ba inda keken doki zai tsaya. Ta bayansa kuma layukan dogo ne birjik, da taragu tsaye sun tare hanya. In ma sun kutsa sun isa, ruwan da ke zuwa ta bututun gari ba shi da ƙarfin da zai kai saman gini, da hunturu kuwa ya kan daskare a bakin famfo. Ga kogi a gabansu cike da ruwa, ga wuta tana ci, ba damar haɗa su.

Maganin da aka samo shi ne a ɗora famfon a kan jirgi. Cikin 1887 Bafalo ta sami jirgin kashe gobara na farko, mai suna George R. Potter, cikin 1893 aka ƙara na biyu, John M. Hutchinson. Jirgin kwana-kwana ba shi ɗaukar ruwa. Ruwan da ya ke shawagi a kai shi ya ke zuƙa ta waɗansu kafofi a gindinsa, famfo ya tunkuɗo shi sama ya fita ta manyan bututu na ƙarfe da ke kafe a kan jirgin, waɗanda a ke juyawa ko'ina kamar bakin igwa. Muddin akwai wuta a tukunyarsa, ruwansa ba shi ƙarewa. Yana kuma iya tsayawa a gaɓa a jona masa mesa, ya riƙa ba 'yan kwana-kwanan tudu ruwa. Har ma an binne waɗansu bututu daga bakin kogi zuwa tsakiyar gari, don in gobara ta tashi a kantuna jirgi ya tura ruwa ta cikinsu.

Jirage biyu ba su isa ba, ga shi kuma a kan sha wuya da ƙanƙara. Sai hukuma ta sa a ƙera na uku a Elizabeth, cikin jihar New Jersey, a wata ma'aikata mai suna Crescent. Aka fara aikin cikin Maris 1900, aka sa shi a ruwa ran 1 ga Satumba, ya kama aiki a Bafalo cikin Nuwamba na shekarar. Aka raɗa masa sunan William S. Grattan, wani kwamishinan 'yan kwana-kwana na garin, lambarsa a hukumar kuwa Inji na 20. Kuɗinsa dala 91,000. Tsawonsa ƙafa 118, faɗinsa ƙafa 24. Tukwanen tururi biyu gare shi masu cin kwal, da famfo uku, da bututun feshi uku, yana watsa galan 9,000 a minti ɗaya, watau fiye da garwar kananzir 1,800 kafin mutum ya gama ɗaura alwala ta hannu ɗaya. Wani abu kuma da aka yi masa, an ɗaura wa jikinsa ɗamara ta ƙarfen ƙasar Suwidin mai kaurin inci ɗaya da rabi, daidai inda ruwa ya ke kai masa, don ya iya fasa ƙanƙara. A lokacin an ɗauki ɗamarar nan ƙarin amfani ne kawai. Daga baya ita ta riƙe jirgin da rai.

Ya yi shekara 28 yana aiki lafiya, sa'an nan ya gamu da ranar da ta kusa gamawa da shi. Cikin Yuli 1928 wuta ta kama wani jirgin dako, James F. Cahill, irin wanda ba shi da inji sai a ja shi, yana ɗaure a Kogin Bafalo da ganga 5,000 ta ɗanyen mai. Hausawa su kan ce gobara daga kogi maganinta Allah, to, ga ta nan an gani da ido. Wutar mai ba ta jin ruwa. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, in an zuba masa ruwa sai ya taso sama ya malala yana ci. Abin da Grattan ke iya yi kurum shi ne ya riƙa sanyaya jikin jirgin da gine-ginen da ke kusa, a jira man ya ƙare. Aka yi sa'a 17 a haka. Ran 28 ga wata igiyoyin da aka ɗaure Cahill da su suka cinye, ya saki gaɓa, ya kama bin ruwa yana ci da wuta.

Jirgi mai wuta yana yawo cikin kogi mai ƙunci, ga tankunan mai a gaɓa, ga rumbuna a gaba, ba abin da za a tsaya kallo ba ne. Kyaftin Thomas Hylant ya matsa da Grattan kusa, mutanensa suna ƙoƙarin maƙala wa Cahill igiya su ja shi. Kafin su samu, sai ya je ya bugi kwatar wani kamfanin mai, inda wani jirgin dakon mai, McColl, ya ke ɗaure. McColl ba kome a cikinsa, an riga an sauke masa kaya. Wanda bai sani ba sai ya ce an yi arziki, alhali kuwa tanki wofi ya fi cikakke haɗari, domin hayaƙin mai ya cika shi ya gauraya da iska, daidai da ƙurar hatsin nan da aka ambata. Ya fashe da ƙara mai tsanani, wuta ta lulluɓe Grattan. Kyaftin da mutanensa suka faɗa ruwa, suka yi iyo ta cikin mai yana ci a kan ruwa har suka kai gaɓa. Bakwai suka ji rauni. Babban injiniyan jirgin, Thomas Lynch, bai fita ba, nan ajalinsa ya same shi. Jirgin kuwa da aka bar shi ba kowa, tukwanensa suka ƙafe, duk abin da ke iya ƙonewa a jikinsa ya ƙone, sai gangar jikin ƙarfe ta rage.

Aka ja shi aka ɗaure, aka rufe shi da katako, ya yi wata 18 a yashe, manyan gari suna ta shawara. Waɗansu suka ce a sayi sabo, kuɗinsa dala 225,000. Waɗansu suka ce a gyara tsohon, dala 99,000. Masu son sabo suna da hujja, domin kuɗin gyaran ya ɗara kuɗin da aka ƙera jirgin tun fari da dala 8,000, kuma wa zai tabbatar ƙarfen da ya sha wuta haka zai ƙara daɗewa? Amma ana cikin shawarar ne kasuwar Amurka ta faɗi cikin Oktoba 1929, kuɗi suka yi wuya. Aka tsaya a kan gyara. Cikin 1930 aka sake gina shi a nan Bafalo, aka mai da tukwanensa masu cin mai a maimakon kwal, aka ɗaga ɗakin matuƙi sama don ya riƙa hange sosai. Aka kuma sa masa tankunan kumfa. Kumfar nan ita ke kwantawa a kan mai ta raba shi da iska, wuta ta mutu. An koyi wannan karatu, amma da tsada.

Wutar mai ta sake komowa ran 29 ga Oktoba 1951. Da dare wani babban jirgi, Penobscot, yana fita daga kogi, ya yi karo da jirgin dako Morania wanda ke ɗauke da galan 800,000 na fetur. Fetur ya malala a kan ruwa ya kama, mutum 11 suka mutu, har da kyaftin ɗin Penobscot da matuƙinsa. Grattan ya fita ya yi aikinsa, amma kowa ya ga tsufa ya kama injinsa, ya haura shekara hamsin. Cikin 1952 aka kai shi Sturgeon Bay, a jihar Wisconsin, aka fitar da tukwane da injin tururi duka, aka sa masa injuna huɗu masu shan man gas, da farfela biyu a maimakon ɗaya. Bututun feshi suka zama biyar, ruwan da ya ke watsawa ya kai galan 15,000 a minti, fiye da garwa 3,000, kimanin aikin motocin kwana-kwana goma. Wani amfanin injin gas kuma, ba sai an kwana ana hura wuta a tukunya ana jiran kira ba, da an murɗa ya tashi. Ya komo gida cikin 1953 da sabon suna, Firefighter. Sunan bai daɗe ba aka sake shi, aka sa masa Edward M. Cotter, sunan wani ɗan kwana-kwana, shugaban ƙungiyar ma'aikatansu, wanda ya rasu a kwanakin. Da wannan suna a ke kiransa har yanzu. Abokan aikinsa biyu na farko tuni an sallame su, shi kaɗai ya rage.

Aikin da ya fi jawo masa suna ba a Bafalo ya yi shi ba. Akwai wani gari na Kanada a gaɓar arewa ta tabkin, Port Colborne, kimanin mil 20 yamma da Bafalo. Cikin Oktoba 1960 gobara ta tashi a babbar ma'aikatar niƙa alkama ta Maple Leaf, gini mai hawa takwas a bakin ruwa. Garin ba shi da jirgin kwana-kwana, wutar ta fi ƙarfin motocinsu, sai suka aika Bafalo neman gudummawa. Ran 7 ga wata, wajen ƙarfe takwas da rabi na dare, Cotter ya tashi. Shi kuwa jirgin kogi ne, ba a ƙera shi don tsakiyar tabki ba, ba shi da ma na'urar rada da za ta nuna masa hanya cikin duhu. Sai wani jirgin masu tsaron gaɓa na Amurka ya yi masa rakiya. Bayan sa'a biyu ya isa, ya buɗe bututunsa, cikin kamar sa'a huɗu aka shawo kan wutar. A kan ce shi ne jirgin kwana-kwana na farko da ya ƙetare iyakar ƙasa don ya kashe gobara.

Akwai abin lura game da garin da ya je taimako. Port Colborne ita ce ƙofar hanyar ruwa ta Welland, wadda ke kewaye gangaren Niyagara ta haɗa Tabkin Eri da Tabkin Ontariyo. Shekara guda kafin gobarar, cikin 1959, Amurka da Kanada suka buɗe babbar hanyar jirage ta Kogin St. Lawrence. Tun daga ran nan jirgi ya kan ɗauki alkama daga yamma ya shiga ta Port Colborne ya wuce teku kai tsaye, ba ruwansa da Bafalo. Dalilin da ya sa aka gina rumbunan ya kau. Suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, manyan ma'aikatun ƙarfe suka bi baya, mutane suka yi ta ƙaura. Garin da ke da mutum 580,000 cikin 1950, a ƙidayar 2020 kimanin 278,000 kurum suka rage. Gobarar bakin ruwa ta ragu, tun da abin ƙonewar ma ya ragu.

Jirgin bai zauna banza ba. Famfon da ke zuƙo ruwa daga kogi yana iya zuƙe shi daga cikin jirgin da ke nutsewa. Cikin 1978 wani tsohon jirgin yaƙi, Little Rock, wanda aka ajiye a tashar don masu kallo, ya fara shan ruwa ya karkata. Cotter da motocin kwana-kwana suka yi kwana biyar suna kwashe ruwan har aka toshe ɓarakar. Cikin 1983 ya jawo wani jirgin masu tsaron gaɓa, Ojibwa, wanda sitiyarinsa ya lalace, cikin 1984 kuma ya ciro wani jirgin filafilai na ƙasar Folan da ya kafe a rairayi. Cikin 1996 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ya cika shekara 125 cikin 2025, kuma shi a ke ɗauka mafi tsufa cikin jiragen kwana-kwana masu aiki a duniya. Duk da haka, in kuɗin gari suka yi ƙaranci maganarsa ta kan taso, a ce me za a yi da tsohon jirgi mai cin kuɗin gyara a tashar da jirage suka yi ƙaranci? Har waɗansu mutanen gari suka kafa ƙungiya suna tara gudummawa don gyaransa.

Amsar da masu kare shi su kan bayar ita ce ƙanƙara. Eri shi ne mafi rashin zurfi cikin tabkunan nan biyar, don haka shi ya fi saurin daskarewa, Kogin Bafalo ma haka, ruwansa ya kan sandare ya yi tauri har mutum ya taka. Daskarewar ba ita ce abin tsoro ba, narkewar ce. In ɗumi ya zo farat ɗaya, ko aka yi ruwan sama, ruwa ya kan taso daga tudu da ƙarfi, ya farfasa ƙanƙarar ya turo ta gaba, manyan ɓaraguzai su taru a lanƙwasa ko a gindin gada su yi madatsa. Ruwa ya rasa hanya, sai ya hau unguwannin kudancin gari ya shiga gidaje, ga sanyi mai kisa.

Mutanen Bafalo sun ga iyakar wannan a daren 21 ga Janairu 1959. Ƙanƙara ta taho ta tsinke igiyoyin wani babban jirgin hatsi, MacGilvray Shiras, wanda aka ɗaure don hunturu, ba wuta a tukunyarsa. Ya bi ruwa ya bugi wani, Michael K. Tewksbury, shi ma ya tsinke. Tewksbury ya gangara ya daki gadar Titin Michigan tun ba a gama ɗaga ta ba, gadar ta rushe, jiragen biyu suka gicciye suka toshe kogin, ƙanƙara ta taru a bayansu, ruwa ya malale gaɓa har nisan mil biyu ko uku.

Kusa da inda gadar nan ta ke, nan Cotter ya ke ɗaure, jikinsa ja wur. In hunturu ya yi tsanani, masu duba yanayi suka ce ɗumi na tafe, sai a tashi injinsa. Ya tunkari ƙanƙara da goshinsa ya fasa, in ta yi kauri ya ja da baya ya sake tahowa, haka haka yana hawa kogin yana bin lanƙwasa, ta gaban tsofaffin rumbunan siminti da suka maye gurbin na katako, har ya buɗe wa ruwa hanya zuwa tabki. Ɗamarar ƙarfen Suwidin da aka ɗaura masa cikin 1900, wadda ta sha wutar 1928, ita ce ke cin karo da ƙanƙarar.